Mutum Huɗu a Ɗakin Baya

Ba don na yi karatun jinya aka ɗauke ni aiki a asibitin ba, don ƙarfina ne. Na yi shekara tara ina loda buhuna a tashar Arlit, tun da na baro ƙauyenmu a jihar Maraɗi ina saurayi. Da bayana ya fara ciwo, mijin ƙanwar uwata ya kai ni wurin tsohon majo, wato babban ma'aikacin jinya da ke riƙe da wani ƙaramin asibiti a gefen gari. Bai tambaye ni takardar lakwal, wato ta makaranta, ba. Ya ce in naɗe hannun riga, ya dubi damatsana, ya ce in zo ranar Litinin.

A takarda ni gardi ne, wato mai gadi. In buɗe ƙofa da safe, in kori awaki daga rumfar masu jiran magani. Amma aikin da aka fi nemana dominsa yana can bayan ginin, gaba da wurin wanki, inda wani ɗaki yake tsaye shi kaɗai. Ɗakin baya muke ce masa. Ƙofarsa ta ƙarfe ce mai kauri, irin ƙarafan da ke fitowa daga kamfanin ma'adini a sayar a kasuwa, har da ragowar wata lamba da aka rubuta da ruwan ɗorawa a jikinta. Ba shi da taga, sai wata tsaga can kusa da rufi, faɗinta bai wuce tafin hannu ba. A ƙasa an kafa zobba huɗu na ƙarfe cikin siminti. Maɗaurin kuwa an yanko shi ne daga robar nan mai kauri da ke jan dutse a kamfani, wadda ma'aikata ke kira tapi. Ba ta tsinkewa, ko raƙumi aka ɗaure da ita.

Idan aka kawo wanda hankalinsa ya gushe yana duka ko yana neman gudu, mu uku ko huɗu za mu danne shi, majo ya yi masa allura, ni kuma in ɗaure, in fita, in sa kwaɗo. Makullin yana rataye a wuyana da igiya. Zai yi ta ihu yini ɗaya, wani biyu, daga nan ya yi shiru. Sai mu ce ya samu sauƙi.

Ban ɗauki abin a matsayin mugunta ba, kuma ba zan ce tsohon majo mugu ne ba. Likitan ƙwaƙwalwa yana nesa, hanyar Agadas kuwa kowa ya san yadda take. Dangin mara lafiya da kansu suke kawo shi a ɗaure da rawani ko igiyar rijiya, in sun ga mun rufe shi su yi mana godiya, su koma gida su samu barcin da suka daɗe ba su yi ba.

Abu ɗaya ne ya riƙa damuna tun farko. Duk wanda ya kwana biyu a ɗakin, in na shiga da abinci, sai in tarar ya juya kansa yana kallon kusurwa guda, ta hagu daga ciki. Na ga wata mai sayar da fura ta yi haka, na ga wani direban kamiyo, babbar motar kaya, ya yi, na ga wani malamin lakwal da bai yarda da iskoki ba shi ma ya yi, har yana gyaɗa kai kamar mai sauraron magana. Ba su san juna ba. Da na gaya wa tsohon majo sai ya ce hasken tsagar ne ke sauka a wurin. Da safe haka ne. Amma bayan azahar hasken yakan koma wani bango, kawunansu ba sa bin sa. Tsohuwar da ke mana shara tana share ɗakin da bisimilla a bakinta, kuma tsintsiyarta ba ta taɓa kai wa wannan kusurwa ba.

A shekarata ta huɗu tsohon majo ya yi ritaya. Aka turo mana mace daga Damagaram, gajeruwa, mai tabarau da igiya, ba ta ɗaga murya ko da an ɓata mata rai. A satinta na farko ta ce in kai ta ɗakin baya. Ta shiga, ta dudduba zobban, ta ɗaga maɗaurin ta shinshina. Sai ta zauna a ƙasa ta ce, "Malam, rufe ƙofar, ka sa kwaɗon."

Na ce, "Haba Majo, ke da lafiyarki?"

"Rufe. In na buga ka buɗe."

Na rufe. Ƙarfe ɗaya na rana ne, ƙarfen ƙofar har yana ƙona hannu. Na tsaya ina kallon inuwata. Ba ta buga ba sai da na fara tunanin buɗewa da kaina. Ta fito kallabinta sharkaf, ta cire tabarau ta goge. Abin da ta ce kawai shi ne, "Daga yau ba a sa kowa a nan sai na sani."

Wata biyu bayan haka ta tafi taro Agadas, a tsakiyar bazara. Washegarin tafiyarta aka kawo dattijon.

A bayan wata tsohuwar mota aka kawo shi, maƙwabta uku sun zauna a kansa. Mutumin Tawa ne, dogo, gemunsa fari fat, amma hannuwansa kamar na maƙeri. Ya yi shekara ashirin da wani abu yana aiki a ramin yuraniyom na ƙarƙashin ƙasa, har aka rufe ramin aka sallame su. A ranar an same shi tsaye tsakiyar titin Akokan, unguwar ma'aikatan rami, da rana tsaka, ya ɗaga hannu yana tsai da motoci, yana cewa a dakata, mutanen ƙasa ba su fito ba. Da wani maƙwabcinsa ya ja shi, ya juyo ya fasa masa baki.

Ƙaramin ma'aikacin jinya da ke riƙe da wurin ya kira wayar Majo, ba ta shiga ba. Ya sake kira, shiru. Dattijon yana fizge-fizge, mata masu jiran awo sun watse da goyo. Ƙaramin ma'aikacin ya dube ni. Na san abin da kallon yake nufi.

Har muka kai bakin ɗakin yana kokawa irin ta kowa. Amma da ya ga ƙofar ƙarfen, ya ga duhun da ke ciki, sai ya ƙame. Ya kafa ƙafafunsa a dokin ƙofa ya ce da ni, a hankali, kamar mai lafiya, "Ɗana, kada ka maida ni ciki." Matarsa ta biyo mu da gudu tana magana da yarenta na Tamajak, tana jan rigata. Ban saurare ta ba. Duk matan da ake kawo mazansu haka suke yi. Muka tura shi, aka yi allura, na ɗaure, na sa kwaɗo.

Bai yi ihu ba. Wannan ne ya fara tayar min da hankali. Yinin farko ko tari ban ji ba.

Washegari da rana ta take, lokacin da duk garin yake mutuwa, ko kaza ba ta motsi, ina kishingiɗe a gindin bishiyar bedi da ke kusa da wurin wanki, sai na ji bugu. Uku a jere, sai shiru, sai uku kuma. Da dunduniya yake bugun zoben ƙarfe. Na ce a raina zai gaji. Ya yi ta yi. Can sai na ji an amsa. Uku a jere, amma ba daga ɗakin ba, kuma sautin ya fi nasa nauyi, kamar daga ƙarƙashin tabarmata. Na miƙe zaune. Akwai tiyon ruwa na ƙarfe da ya bi ta gefen ɗakin, kuma na san ƙarfe yana ƙara idan ya sha rana. Na je na dafa shi. Yana da zafi, ba ruwa a ciki, tun safe aka ɗauke. Hannuna yana kansa dattijon ya sake bugawa, aka sake amsawa, tiyon bai motsa a tafina ba.

Tsohuwa mai shara tana tsaye bakin rumfa da tsintsiya a hannu. Muka dubi juna. Ta juya ta shige ciki, ba ta sake zuwa bayan ginin ba har satin ya ƙare.

Daga nan ya fara kiran lambobi. Ma'aikatan rami kowa da lambarsa, na san wannan. Zai kira ɗaya, ya dakata daidai tsawon da mutum zai ce na'am, ya ce "To, madalla," ya kira ta gaba. Guda uku yake kira, ya koma farko.

Da na shiga da shinkafa da wake, kansa yana fuskantar kusurwar nan ta hagu. Na kwance masa hannu ɗaya. Ya ɗago ya dube ni, hasken ƙofa yana bayana.

"Kai ne na bisa?" ya ce. "Kun jima. Iska ta kusa ƙare muna."

"Baba, asibiti ne nan. Ci abinci."

"Mu huɗu muke ciki. Wannan ka kawo wa mutum huɗu?"

Ya juye shinkafar a ƙasa, ya raba ta kashi huɗu da yatsa, ya tura uku wajen kusurwar iyakar inda hannunsa ya kai, ya ci ƙaramin kashin. Ruwan ma haka ya yi da shi. Ya kurɓa sau ɗaya, sauran ya tsiyaya a wuri uku. Na ƙaro wani, ya sake tsiyayarwa. Da na dawo da la'asar kashi ukun suna nan. A Arlit in ka yar da ƙwayar shinkafa ɗaya tururuwa ta same ta kafin ka juya, amma waɗannan ko ɗaya ba ta hau su ba.

Kwana uku muka yi a haka. Leɓunansa suka tsattsage, robar ta ci wuyan hannunsa har ta kai ga jan nama. Ƙaramin ma'aikacin ya so ya sa masa ƙarin ruwa, dattijon ya fizge allurar da haƙori. Matarsa ba ta koma gida ba. Ta shimfiɗa ɗan buhu a jikin bangon ɗakin daga waje, ta jingina kanta, tana yi masa magana ta cikin bulo. In na wuce sai ta bi makullin wuyana da ido.

Ranar ta huɗu da hantsi Majo ta sauko daga mota, ko jakarta ba ta ajiye ba ta ga matar. Ta dube ni. Ban iya haɗa ido da ita ba. Ba ta yi faɗa ba. Ta je ta tsuguna gaban matar, suka gaisa gaisuwa mai tsawo kamar ba abin da ke faruwa, sannan ta ce, "Inna, me ya fi tsoro a duniya?"

Ba wanda ya taɓa yin wannan tambaya a asibitinmu. Mukan tambayi ko yana duka, ko yana shan ƙwaya, ko akwai mai irin ciwon a dangi.

Matar mutuniyar Abzin ce, Hausarta ta kasuwa ce, mace da namiji duk "kai" take ce musu. Ta ce, "Madam, kai ka tambaya, ni na gaya maka. Gidanmu ɗakinshi ba ƙofa. Labule kawai. Shi ya cire da hannunshi."

Ta ba da labarin a gutsure, Majo tana taimaka mata da kalmomi. Tun ƴarsu ta fari tana goye, dutse ya rufto a wani lungu na ramin, ya rufe mutum huɗu. Shi ne shef ɗinsu, wato shugabansu. Kwana biyu aka yi ana tono. Fitilunsu suka mutu tun yinin farko. Suna buga ƙarfe, na sama suna amsawa. Yana kiran lambobinsu lokaci-lokaci don ya san suna da rai, suna amsawa, har masu amsawar suka fara raguwa. Shi kaɗai aka fitar yana numfashi. Bayan wata uku ya koma aiki, don akwai ƴaƴa, kuma muddin fitilarsa tana ci a goshinsa yana iya jurewa. Shekaru suka wuce lafiya. Sai da aka rufe ramin gaba ɗaya, ya ji an toshe bakinsa da siminti, sannan ya daina barci, ya fara cewa an rufe da mutane a ciki.

"Na gaya maka ranar farko," ta ce tana nuna ni. "Kai bai ji ba."

Gaskiyarta. Da Tamajak ta faɗa, da Hausa ma ta faɗa, ina can ina neman ƙafar da zan kama.

Majo ta miƙe ta ce, "Buɗe. Kwance shi za mu yi."

Na ce, "Majo, mutumin nan ya fasa wa ƙato baki. Bari in kira mutum biyu."

"Ba wanda za ka kira. Ka buɗe ƙofar har bango, ka sa dutse kada iska ta rufe ta. Kai kuma ka tsaya a waje inda zai gan ka. Kada ka tare hasken."

Ta cire takalmi ta shiga, ta zauna a ƙasa nesa da shi kaɗan, ta yi sallama. Ya amsa da wata murya kamar ta mai magana daga cikin rijiya. Ta gaya masa ko ita wace ce, ta ce za ta taɓa ƙafarsa ta dama, ko ya yarda. Sai da ya gyaɗa kai ta taɓa. Haka ta bi gaɓoɓin huɗu, kowace sai ta nemi izini. Robar ta manne da ciwon hannunsa, ta jiƙa ta da ruwa kafin ta ɓanɓare. Ni ina tsaye, jikina duk a shirye, ina jiran ya zabura.

Bai zabura ba. Ya tashi zaune da ƙyar, ya jingina da bango.

"Baba, ƙofa a buɗe take," in ji Majo. "Ga inuwa can, ga iyalinka ta ɗora shayi. Mu fita."

"Shef ba ya hita sai mutanenshi sun hita."

Na zaci za ta ce masa ba kowa a ɗakin, kamar yadda na yi ta gaya masa kwana uku. Ba ta ce akwai ba, ba ta ce babu ba. Ta ce, "Ni ban san aikin rami ba, Baba. Yaya ake fitar da mutane?"

"Na bisa shi ka kira. Shi kira lamba, mai ita shi wuce, a ƙirga. Haka munka saba."

Ta juyo ta dube ni ta saman tabarau.

Na so in ce a'a. Ni mutum ne mai sallah, ba na son wasa da abin da ban sani ba. Amma na dubi wuyan hannunsa, aikin hannuna ne. Lambobin kuwa na haddace su ba da niyya ba, don kwana uku ina jin su.

Rana ta kai tsaka. Ba motsin komai a asibitin, har injin firjin allurai ya tsaya don an ɗauke wuta. Na tsaya gefen ƙofa na ce, "Ɗari uku da sha biyu."

Dattijon ya dubi kusurwar. "Tashi, an kira ka." Idonsa ya taso daga ƙasa a hankali, ya tsaya daidai tsayin mutum, ya bi ta gaban Majo, ya zo ƙofa, ya wuce ta gefena, ya fita tsakar gida. Ban ga komai ba. Zan iya rantsuwa ban ga komai ba. Amma sai na tsinci kaina na janye kafaɗata, kamar yadda kake yi wa mutum a ƙofar masallaci.

"Ɗari huɗu da bakwai," na ce.

Wannan ya fi daɗewa. "Ƙafarshi ta karye, ku yi mishi a hankali," in ji dattijon. Muka jira. Majo ta sunkuyar da kai, ta janye gwiwoyinta jikinta. Daga baya na tambaye ta dalili, ta ce ƙafarta ce ta yi tsami.

Na kira ta uku. Ya raka mai ita da ido har gindin bedi. Sai ya sauke numfashi mai tsawo, ya dubi kusurwar, ya daɗe yana dubawa, sannan ya kau da kai. Ya ce, "Saura ni."

Ban san lambarsa ba, bai taɓa kiran ta ba. Matarsa ce ta faɗe ta daga bayana, da Faransanci, da ƙarfi, kamar ta daɗe tana riƙe da ita a baki. Ya yunƙura zai miƙe, ƙafafun suka ƙi. Na miƙa hannu, Majo ta girgiza min kai. Da rarrafe ya fito, idonsa a runtse saboda haske. Ya kai tabarma ya kwanta. Matarsa ta ba shi ruwa, ya shanye kofi uku, bai tsiyayar da ko ɗigo ba.

Kada a zaci warkewa ya yi a ranar. A gindin bedin ya zauna kwana goma sha ɗaya, yana shan magani da hannunsa, wani lokaci sai an yi awa guda ana lallashi. A rana ta biyu wani ya rufe ƙofar mota da ƙarfi a waje, ya zabura, ni ne kusa, ya kai min naushi a baki. Na ji gishirin jini. Ƙafafuna da kansu suka nufi inda robar take. Majo ta ce, "Malam, ja baya. Kowa ya ja baya." Muka buɗe masa fili. Ya ruga har bakin ƙofar asibiti, ya tsaya yana haki yana kallon titi. Matarsa ta bi shi a hankali, ta tsaya gefensa ba ta taɓa shi ba. Bayan wani lokaci suka dawo tare. Da yamma ya kira ni ya duba leɓena, ya ce in yafe. Na ce ni ne zan nemi gafara. Bai ce ya yafe ba, bai ce bai yafe ba, ya miƙo min kofin shayi.

Majo da kanta ta ce min ba ta da tabbacin abin da muka yi na kiran lambobi daidai ne a wurin malamanta. "Wataƙila su ce na biye wa ciwon. Amma da ya ƙara yini ɗaya a ciki, gawa za mu fitar."

Bayan an sallame shi ta tara mu duka, har da tsohuwa mai shara. Ta ce daga yanzu duk wanda aka kawo, kafin a taɓa shi a tambayi danginsa abin da ke firgita shi da abin da ke kwantar masa da hankali, in shi ma yana iya magana a tambaye shi. Mutum ɗaya ne zai yi magana da shi, sauran su tsaya nesa. Ƙaramin ma'aikacin ya ce wata rana za a kashe wani a cikinmu. Ta ce ta ji, kuma in an kai ga dole za a riƙe mutum, amma a sarari, wani yana zaune kusa da shi, ana sake shi da zarar ya lafa. An kai ga dolen kuwa. Akwai wani mai haƙar zinariya da ƙwaya ta juya wa kai, ya zo da wuƙa a ɗamara, sai da muka riƙe shi kusan awa guda a rumfa. Amma irin wannan a shekara bai fi a ƙirga da yatsun hannu ɗaya ba, alhali a da kusan kowane sati ɗakin baya yana da baƙo. Aka kira mai walda ya cire ƙofar, aka zuba kwalayen magani a ciki.

Dattijon yana zuwa karɓar magani duk wata. Wajen wata na bakwai ya zo ba ranarsa ba, da rana, shi kaɗai. Ya ƙi zama. Ya ce da Majo, "Akwai mutum bayan bangona. Ina jin sarƙa tana ja a ƙasa. In rana ta take sai a yi ta waƙa ba kalmomi."

Na dubi Majo, na ga ita ma ta dubi ƙwayar idonsa, ta tambaye shi ko yana barci, ko ya tsallake magani. Ya ce yana sha, yana barci. Ya ce, "Na san abin da kuke tunani. Ni ma shi na yi tunani, shi ya sa na yi wata biyu ban faɗa ba."

Ina shirin in ce a ƙara masa magani, Majo ta ɗauki gyalenta ta ce, "Mu je mu ji."

Muka shiga ɗakinsa a Akokan, muka tsaya jikin bangon baya. Da farko ba komai. Sai ga shi, ƙarfe yana jan ƙasa, taku uku, ya tsaya, ya dawo taku uku. Sai wata siririyar murya tana gunji.

Gidan wani bakanike ne da ya tare a unguwar shekarar da ta wuce. Ya daɗe a zaure yana cewa ba kowa sai iyalinsa. Majo ba ta yi masa barazana ba, ta zauna a kan benci ta ce ba hukuma ta kawo ba, magani ta kawo. Can sai ya rufe fuska da hannu. Ƙanwarsa ce. Tun da ta haihu ɗan ya koma, hankalinta ya taɓu, ta taɓa faɗawa rijiya aka ciro ta. Ya ɗaure ƙafarta a jikin wani tsohon injin mota a ɗakin ajiya, shekara uku, har da suka yi ƙaura da injin suka taso. Ya ce, "In na sake ta ta mutu, me zan gaya wa uwarmu?"

Sai da muka yi zuwa huɗu kafin ya yarda, bayan ta fara shan magani kuma matar dattijon ta yi alkawarin yini da ita. Makullin kwaɗon ya ɓace tun tuni. Ni na yanke sarƙar da zarto, ita tana kallon hannuna. Da sarƙar ta faɗi, Majo ta ce, "Ƙanwata, zo mu sha iska."

Ta miƙe. Ta yi taku uku ta tsaya cak, ƙafarta ta hagu a baya, kamar an ja ta. Ta dubi ƙafar, ta dube mu. Ta koma ta sake tahowa, ta sake tsayawa a wuri guda. Ba wanda ya ja hannunta. Dattijon ya shimfiɗa tabarma daidai inda ta tsaya, rabi a ɗaki rabi a waje, muka zazzauna. A nan ta yini ranar. Da la'asar ta tambayi matar yayanta ko an yi sallar layya, aka ce saura sati biyu. Ta ce to a samo mata lalle.